Ku Tambayi Likita: Zink da tagulla, wanne ya yi yawa, wanne ya gaza?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru, wato ƙwayar zink da mutane ke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, da kuma sinadarin tagulla wanda ba kowa ya san jiki na buƙatarsa ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Likitan cututtukan jini da mai harhaɗa magunguna da likitan dabbobi ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan shekara 52 ne. Tun lokacin korona ya fara shan zink, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare, an rubuta 50mg a jikin kwalbar, har yau bai daina ba don ya ce yana hana shi mura. Kwanakin baya aka ce jininsa ya yi ƙasa, ya sha maganin ƙarin jini kwalba-kwalba, shiru. Yanzu minjirya ba ta barin ƙafafunsa, kuma idan aka ɗauke wuta da dare sai ya riƙa dafa bango. An auna sukari, lafiya lau. Ko zink ɗin yana da hannu? *Daga wata uwargida a Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba a yanke hukunci kan mara lafiya ta wasiƙa, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ƙarancin tagulla wanda yawan zink ke jawowa. Ya ajiye kwalbar nan tun yau, ya ga likita cikin makon nan. Daina zink farat ɗaya ba ya cutar da mutum irinsa.

Ga lissafin. Namiji baligi na buƙatar zink miligiram 11 a rana, mace 8, mai ciki 11, mai shayarwa 12. Iyakar da masana a Amurka suka gindaya a 2001 ga wanda zai daɗe yana sha ita ce miligiram 40, kuma cikin 40 ɗin har da wanda ke cikin abinci. A Turai ma sun fi tsanantawa, 25 suka ce. Maigidanki kuwa 100 yake haɗiya kullum, ban da na tuwo da nama, shekara da shekaru. An yi gwaji da mutane masu lafiya aka ga miligiram 50 a rana ya isa ya fara taɓa aikin tagulla a jini cikin makonni 6 zuwa 10, tun mutum bai ji komai a jikinsa ba.

Su biyun duk ta bangon ƙaramin hanji suke shiga jini. Idan zink ya yi yawa, ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon hanjin sukan ƙera wani furotin mai suna metalotayonin don ya riƙe rarar. To furotin nan ya fi son tagulla a kan zink nesa ba kusa ba. Duk tagullar da ta zo cikin abinci sai ya cafke ta ya hana ta wucewa, har da wadda jiki ya zubo da kansa cikin yawu da ruwan ciki da niyyar sake tsotsewa. Su kuma ƙwayoyin bangon hanji ba su da tsawon rai, cikin 'yan kwanaki suke saɓulewa su bi bayan gida, da tagullar a cikinsu. Shi ya sa dabarar da wasu ke yi ta shan zink da safe a ci hanta da rana ba ta fisshe su, domin furotin ɗin yana nan a hanji dare da rana muddin ana ci gaba da shan zink mai yawa. Tagullar da ke jikin babba gaba ɗaya kuwa ba ta wuce miligiram 100 da 'yan kai ba, buƙatar yau da kullum ba ta kai miligiram 1 ba, 0.9 ce. Ajiya ce ƙarama, a hankali take ƙarewa.

Me ya sa maganin ƙarin jini bai yi masa aiki ba? Yawancin waɗannan magunguna sinadarin ayon ne. Shi kuma ayon ba ya iya fita daga bangon hanji da hanta ya kai ɓargo, inda ake ƙera jini, sai wasu furotin masu ɗauke da tagulla sun juya shi zuwa yanayin da jini zai iya dakonsa. Babba daga cikinsu shi ne serulofilasmin. Idan babu tagulla, sai ya zama hatsi cike da rumbu amma ba mai fitar da shi. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman nau'in nutirofil, su ma sukan ragu, har ma sukan riga jajayen faɗuwa. Ke nan mutumin da ke shan zink don kada ya yi mura, garkuwar jikinsa yake ragewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙafafun. Tagulla na cikin abubuwan da ke kula da rigar jijiyoyi da kuma sashen baya na laka, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ko da mutum bai kalle ta ba. Idan sashen nan ya taɓu, da rana ido kan rufa asiri, da duhu ya yi sai tafiya ta gagara. Likita zai sa shi ya tsaya ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, ya ga ko zai yi tangaɗi. Zai kuma kama babban yatsan ƙafarsa ya ɗaga ko ya sauke, ya tambaye shi sama aka yi ko ƙasa. Irin wannan hoton ne sak ƙarancin bitamin B12 ke bayarwa, don haka akan yi ta yi wa mutum allurar B12 wata da watanni ba a gane ba. Wasu har ɗibar ɓargo akan yi musu, a ga ya yi kama da wata cutar ɓargo da ke gabatar sankarar jini, alhali tambaya ɗaya ce ba a yi ba: me kake sha kullum?

Ku tafi da duk kwalaben da yake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, domin zink kan ɓuya a cikin bitamin mai haɗe-haɗe, da alewar mura, da magungunan maza, da wasu mayukan manna haƙoran roba. A roƙi cikakken awon jini tare da ƙidayar nutirofil, da awon tagulla, da serulofilasmin, da zink, da B12. Ba kowane ɗakin awo ke yin na tagulla ba, sai asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan awo, wasu ma aika jinin suke yi wani gari. A ɗebi jinin kafin ya fara shan tagulla. Likita zai kuma duba sauran abubuwan da ke kashe ƙafa, irin su maganin tarin fuka na isonayazid, da giya, da aikin tiyatar ciki idan an taɓa yi masa.

Idan aka tabbatar, akan ba da tagulla ta baki miligiram 2 zuwa 8 a rana. Tsarin da likitoci da yawa ke bi shi ne 8 a makon farko, 6 a na biyu, 4 a na uku, sannan a tsaya a 2 har awo ya daidaita. Wanda abin ya yi wa tsanani ta jijiya ake ba shi, miligiram 2 zuwa 4 a rana na kusan mako guda. Jini kan farfaɗo cikin makonni 4 zuwa 12, sau da yawa gaba ɗaya. Jijiyoyi ba haka suke ba. Galibi abin da ake samu shi ne lalacewar ta tsaya inda ta kai, wasu su ɗan samu sauƙi, ba kowa ke komawa yadda yake ba. Dalilin gaggawar ke nan. Kuma kul, kada wani ya kawo muku shuɗin gishirin tagulla da ake feshin gona da shi ya ce magani ne, guba ne mai ƙone ciki da lalata hanta.

Yadda aka gano wannan al'amari ya shafe mu, mu da sikila ta yi wa katutu. Masu sikila kan zubar da zink a fitsari fiye da kima, don haka likitoci biyu a jihar Mishigan ta Amurka, Ananda Prasad da George Brewer, suka riƙa ba su zink mai yawa. A 1978 suka ba da rahoton wani mai sikila da ya shekara biyu a kan zink, tagullarsa ta faɗi, fararen ƙwayoyin jininsa suka ragu, da aka ba shi tagulla suka dawo. Don haka mai sikila da aka rubuta wa zink na dogon lokaci ya tambayi likitansa yaushe za a duba tagullarsa.

Tambaya: Likita, yarona ɗan wata 14 yana gudawa, an ba ni ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink aka ce in ba shi kwana goma. Gudawar ta tsaya a kwana na uku. Maƙwabciyata ta ce yawan zink na shanye jini. In daina? *Daga wata uwa a Gusau*

Amsa: Kada ki daina, 'yar'uwa, ki cika kwanakin. Maganar maƙwabciyarki ta shafi wanda ya yi watanni ko shekaru yana sha, ba yaron da aka ɗibar wa kwana 10 zuwa 14 ba. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa zink da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: miligiram 20 a rana ga wanda ya kai wata 6, miligiram 10, wato rabin ƙwaya, ga wanda bai kai ba. Gudawa na kwashe zink daga jiki, shi kuma zink da shi bangon hanji ke gyara kansa. Kwanakin farko suna rage tsawon gudawar da tsananinta. Kwanakin da suka biyo bayan tsayawarta, waɗanda iyaye suka fi watsarwa, su ne ke mayar da abin da ya zube, su rage yiwuwar dawowarta cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa.

Ƙwayar yara mai narkewa ce. Ki sa ta a cokali, ki ɗiga mata ruwan nono ko tsaftataccen ruwa, kafin minti ɗaya za ta watse, ki ba shi duka, ki ɗauraye cokalin da ɗan ruwa ki ƙara masa. Bayan ya ci abinci ko ya sha nono ya fi, domin zink a cikin da ba kowa yana tayar da zuciya. Idan ya yi amai cikin rabin awa, ki dakata ya huta ki sake ba shi. Saboda wannan aman ne aka yi gwaji da yara 4,500 a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2020, aka ga miligiram 5 ko 10 na yin aikin 20 da ƙarancin amai, kuma sabuwar shawarar hukumar ta 2024 ta karkata ga ƙaramin awo. Idan wata rana an rubuta miki ƙasa da 20, ba kuskure ba ne.

Yaron da ke kan abincin tamowa na gyaɗa wanda ake rabawa a leda ba a ƙara masa ƙwayar zink, ko yana gudawa, domin an riga an zuba a ciki: miligiram 11 zuwa 14 a kowane giram 100, tare da tagulla 1.4 zuwa 1.8. Kuma zink ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari, rashin ruwa ne ke kashe yaro. Idan kika ga jini a kashi, ko ido ya faɗa, ko ya kasa shan komai, asibiti za ki nufa.

Tambaya: Na sayi zink biyu. Ɗaya an rubuta 220mg, ɗaya 50mg, amma mai kemis ya ce ƙarfinsu ɗaya. Yaudara ce? Kuma shin dole in haɗa da ƙwayar tagulla? *Daga wani malamin makaranta a Zariya*

Amsa: Gaskiya ya faɗa maka, Malam. Zink ba ya zuwa tsurarsa, a haɗe yake da wani gishiri, kuma wani kamfani nauyin gishirin duka yake rubutawa, wani kuma nauyin zink ɗin kaɗai. Zink salfet kusan kashi 23 cikin 100 ne zink, don haka 220 ɗin nan miligiram 50 ne. Gulukonet kashi 14 ne, asitet kashi 30, oksaid kashi 80. Ka juya bayan kwalbar ka nemi inda aka rubuta “elemental”, wato zink zalla, lambar da ke kusa da ita ce za ka yi lissafi da ita. Kuskuren kan faru ta ɗaya gefen ma: a ce wa mutum ya sha 200, ana nufin salfet, ya je ya haɗiye ƙwaya huɗu masu 50 na zalla.

Batun haɗawa da tagulla ya danganta da yawa da kuma tsawon lokaci. Mai shan miligiram 8 zuwa 15 cikin bitamin na yau da kullum, yana cin wake da gyaɗa, ba ya buƙatar komai. Mai shan 50 na mako ɗaya ko biyu shi ma haka. Wanda likita ya ɗora a kan fiye da 40 na watanni shi ne ake lissafa wa, kuma ƙa'idar da ake bi wajen waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi ita ce miligiram 1 na tagulla ga kowane 8 zuwa 15 na zink. Haɗin bitamin na tsofaffi masu lalacewar tsakiyar ido, wanda aka gwada a Amurka aka wallafa a 2001, zink 80 ne da tagulla 2, an sa tagullar ne da gangan saboda wannan matsala. A ganinmu dai, idan ba likita ne ya ɗora ka ba, rage zink ɗin ya fi sayen kwalba ta biyu don gyara ɓarnar ta farko.

Tunda muna kemis: zink na manne wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifurofuloksasin da tetarasaikilin da doksisaikilin a cikin hanji ya hana su shiga jini, sai a ce maganin taifot jabu ne. A sha maganin awa 2 kafin zink, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Ƙwayar ayon mai ƙarfi ita ma a raba ta da zink da kamar awa 2.

Tambaya: Mu a ƙauye gero da dawa ne abincinmu, nama sai ranar kasuwa. Ta yaya zan gane yarana suna da ƙarancin zink, kuma me zan yi ba tare da sayen magani ba? *Daga wani manomi a jihar Maraɗi*

Amsa: Madalla da wannan tambaya, domin a nan ne ainihin ƙarancin yake. Abin takaici, wanda ke sayen kwalbar zink a birni galibi mai cin nama ne kullum, yaron da ke buƙata kuwa yana can kan koko tsararo.

Alamomin ba su da kaifi: yaro ya tsumbure bai kai tsawon sa'o'insa ba, gudawa da ciwon haƙarƙari su riƙa dawowa, rashin son abinci, miki ya ƙi warkewa, gashi ya yi laushi yana zuba. Idan abin ya yi nisa, fata kan yi ƙuraje tana saɓa a kewayen baki da dubura da yatsu. Matashi kan makara wajen balaga. Prasad ɗin da muka ambata a kan haka ya fara gano cutar: a 1958 a birnin Shiraz na Iran aka kawo masa ɗan shekara 21 mai jikin ɗan shekara 10, abincinsa gurasar alkama marar yisti, ga shi da cin yumɓu. A Masar ya tabbatar a 1963 cewa zink ne ya gaza.

Gero da dawa da masara da wake ba su rasa zink ba. Abin da ke hana ruwa gudu wani sinadari ne mai suna faitet, wanda ya fi yawa a dusa da ƙwayar tsiro, yana ɗaure zink ya fice da shi. Daga abincin da hatsi ya mamaye, jiki bai fi kashi 15 cikin 100 yake tsotsa ba, daga mai nama kuwa yakan kai 30 zuwa 50. Hatsin da kansa yana ɗauke da abin da ke karya faitet, amma ba ya aiki sai ya samu ruwa da ɗumi da ɗan tsami. Saboda haka jiƙa gero ya kwana, da barin ƙullun masa ko gasara ta yi tsami, da zuba garin tsiro a kunu, duk suna sakin zink. Tuwon garin da aka niƙa aka tuƙa nan take shi ya fi riƙe shi. Wake a jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan kafin a ɗora. Surfe na rage faitet amma yana tafiya da wani kaso na zink ɗin, don haka kada a dogara da shi.

Sai dai kamu da aka tace aka dama ruwa-ruwa, ko ya yi tsami, abin da ke cikinsa kaɗan ne. Bayan wata 6 zink ɗin nonon uwa ba ya isar yaro, shi kuma ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 3 yake buƙata a rana. A yi kunun da kauri, a zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko soyayyen garin waken suya, da garin busasshen kifi ko madara. Giram 100 na dafaffen naman sa ko na akuya na ba da zink wajen miligiram 4 zuwa 6, ƙwai ɗaya kusan 0.6, kofin madara kusan 1. Kuma ɗan nama a cikin abinci na taimaka wa jiki ya tsotsi na hatsin da aka ci tare da shi, don haka ranar kasuwa a daka tsokar a raba wa ƙanana kafin a kai kwanon maigida. A wajenku kuma akwai irin gero mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, wanda aka zaɓo shi don yawan ayon da zink, ka tambayi malaman gona.

Tagulla ba ta cika gazawa a irin abincinku ba. Giram 100 na gyaɗa na da kusan miligiram 1, riɗi ya ninka haka, ga wake ga ƙuli-ƙuli. Hantar sa ta wuce miligiram 10 a giram 100, yanka kaɗan sau ɗaya a mako ya wadatar, mai ciki kuma ta sassauta saboda yawan bitamin A. Jaririn da aka raine shi da madarar shanu zalla, ko bakwaini, ko mai gudawar da ta daɗe, su ne ake jin tsoron gazawar tagulla a kansu.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai. Na yi awo aka ga tagulla ta haura iyaka, zink kuma ya yi ƙasa. A intanet na karanta cewa gubar tagulla ce, in sha zink mai yawa in wanke ta. Kafin cikin na yi amfani da robar mahaifa mai tagulla. *Daga wata ma'aikaciyar banki a Kaduna*

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, kuma kada ki bi shawarar nan. Mafi yawan tagullar da ke yawo a jini a jikin serulofilasmin take, shi kuma hanta kan ƙara ƙera shi idan sinadarin mata na estirojin ya hau. A ƙarshen ciki tagullar jini kan kusa ninka yadda take a da, haka ma takan hau ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin da mai zazzaɓi. Iyakar da ke jikin takardar, wajen maikirogiram 70 zuwa 140 a kowace desilita, ba ta masu ciki ba ce. Zink kuwa kan sauka a lokacin ciki saboda jini ya ƙara ruwa. Tagullar da robar mahaifa ke saki a mahaifar take aiki, galibi ba ta kai ta canja awon jini ba.

Awon zink mai saurin ruɗi ne. Abin da ke ruwan jini bai kai kashi 1 cikin 100 na zink ɗin jiki ba, yawancin sauran yana tsoka da ƙashi. Yana sauka bayan cin abinci da lokacin zazzaɓi, yana hawa na ƙarya idan jajayen ƙwayoyi suka fashe a kwalbar awo ko murfin roba ya gurɓata jinin. Da safe ake ɗiba kafin karin kumallo, a kwalba ta musamman. Raba lambar zink da ta tagulla a ce an gano cuta, ko aika gashi a auna, ba hanyar da likitoci ke dogara da ita ba ce.

Cutar taruwar tagulla ta gaskiya ita ce cutar Wilson, ta gado ce, wajen mutum 1 cikin 30,000, takan fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa domin sai an gado ta ta uwa da ta uba. Hanta ke kasa zubar da tagulla ta matsarmama. Yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 35 take fitowa da ciwon hanta, ko rawar hannu, ko nauyin harshe, ko canjin hali, da zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Abin mamaki, a awon jininsu tagulla ƙasa take yi, a fitsarin awa 24 ake ganin yawanta. Su ne ake ba zink miligiram 50 sau uku a rana da gangan don ya toshe tagulla, maganin da Brewer ya samo daga abin da ya gani a masu sikila, aka amince da shi a Amurka a 1997. Mai wannan cuta ba ya daina zink da kansa.

Tambaya: Gaskiya ne zink na ƙara ƙarfin namiji da haihuwa? *Daga wani ango a Jos*

Amsa: Ga wanda ya rasa shi, i. Ga wanda ke da isasshe, ƙari ba ya ƙara komai. An bi ma'aurata 2,370 masu neman haihuwa a Amurka, aka ba rabin mazan zink miligiram 30 da folik asid na wata 6, rabi kuma ƙwayar da ba komai a ciki. Sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna bambanci a ingancin maniyyi ko yawan haihuwa ba, sai ƙarin ciwon ciki da tashin zuciya ga masu zink. Idan shekara ta zagayo ba labari, ku je awo ku biyu.

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun tsamiya. Wani ya ce kada in jiƙa a bokitin ƙarfe. Me ya sa? *Daga wata mai sana'a a Katsina*

Amsa: Farin bokitin ƙarfe da zink aka shafe shi don kada ya yi tsatsa, tsami kuwa na narkar da shafen. Abin sha mai tsami da ya kwana a ciki kan sa amai da murɗar ciki da gudawa jim kaɗan bayan an sha. Tukunyar tagulla ko ta farin gaci da ba a shafe cikinta ba ita ma haka take yi da abu mai tsami. Ki yi amfani da robar abinci, ko ƙarfe marar tsatsa, ko tukunyar ƙasa.

Tambaya: Ina turkar raguna don layya. Bara na haɗa musu da abincin kaji da dutsen lasa na shanu don su yi saurin ƙiba. Sun yi kyau, amma da aka loda su a mota zuwa kudu biyu suka mutu, idonsu rawaya, fitsarinsu kamar jini. *Daga wani mai kiwo a Potiskum*

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ciwon kaska da wasu tsirrai masu guba na iya ba da wannan hoto, amma da abincin da ka lissafa, gubar tagulla ce farkon abin zargi. Tunkiya ta bambanta da sauran dabbobi, hantarta ba ta iya zubar da rarar tagulla da kyau. Buƙatarta wajen miligiram 7 zuwa 11 ce a kowane kilo na busasshen abinci, daga 15 zuwa 25 kuwa an shiga haɗari, musamman idan abincin ba shi da isasshen molibdinam da salfa, waɗanda ke rage tsotsarta. Abincin kaji da gishirin shanu an ƙara musu tagulla daidai da masu su, wani abincin kajin ya haura 100. Kashin kaji da wasu ke haɗawa da dusa shi ma haka.

Tagullar kan taru a hanta makonni ko watanni, rago na ci yana sheƙi. Ranar da ya sha wahala, kamar doguwar tafiya a mota ko zafi ko yunwa, sai hantar ta sako ta cikin jini lokaci guda, jajayen ƙwayoyi su farfashe. Daga nan sai shawara a ido da dasashi, fitsari ja mai duhu, mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan aka feɗe, hanta rawaya take, ƙoda kuma baƙa mai sheƙi. Kada a ci kayan cikin irin wannan dabba.

Bana ka tsaya kan harawa da ƙowar wake da dusa da ƙulin auduga, ka nemi dutsen lasa wanda aka rubuta na tumaki ne. Idan akuyoyi da shanu na garke ɗaya da tumakin, a raba musu wurin lasa, domin su sun fi jure tagulla kuma sun fi buƙatarta. Ragunan da suka riga suka ci irin wancan haɗi, cire abincin kaɗai bai kawar da haɗarin ba, domin hanta kan riƙe tagullar watanni. Likitan dabbobi kan ba su amoniyam molibdet da sodiyam salfet a baki na kamar mako uku, wani lokaci ya ƙara zink a abinci, kuma a jinkirta loda su a mota har a gama.